KANTA: KUƊIN SAYE BA SHI NE KUƊIN MOTA BA

Duk wanda ya taɓa yin sammakon kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ya leƙa tashar Birnin Ƙonni da Illela a lokacin kakar albasa, to ya san motar da za mu yi magana a kanta yau. Ita ce ƴar matsakaiciyar motar kayan nan mai gajeren hanci da tayoyi shida wadda jama'a ke kira Kanta. Ba ta kai gingimari ba, amma ta wuce akori-kura, saboda haka ne ta dace da ɗan kasuwar kan iyaka: tana shiga ƙauyen da tirela ba ta isa ta shiga ba, ta kwaso wake da riɗi da aya, ta koma da siminti da gari da kayan masarufi.

Sanin kowa ne cewa da zarar Allah ya buɗa wa ɗan kasuwa, abin da kan fara zuwa masa a rai shi ne ya mallaki motar kansa, ya huta da jiran direbobin haya da cinikin kuɗin lodi. Wannan buri ba laifi ba ne. To amma fa mun sha ganin wanda ya sayi mota da murna, aka yi masa Allah sanya alheri, bayan shekara biyu sai ga motar a bayan gida an ɗora ta a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, jarin shagon ma ya bi ta. Idan aka bi diddigi, galibi ba tsautsayi ba ne ya ci shi. Lissafi ne bai yi ba tun farko.

Sunanta na asali shi ne Canter, kuma kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan ne ya fara ƙera ta a 1963. A 2003 aka ware sashen manyan motocin kamfanin ya zama Mitsubishi Fuso, daga baya kamfanin Daimler na Jamus ya sayi kaso mafi yawa a cikinsa, abin da ya sa za ka ga an rubuta Fuso a goshin sababbin. Waɗanda ake sayarwa a Turai kuwa ana haɗa su ne a garin Tramagal na ƙasar Fotugal. Wannan bayani ba don ado muka kawo shi ba, domin kuwa inda mota ta fito yana da nasaba da irin ciwon da za ta riƙa yi. Wadda aka yi domin Japan sitiyarinta a dama yake, mu kuwa a hannun dama muke tuƙi, ita ma Nijeriya tun 1972 ta dawo hannun dama. Ke nan dole a juya mata sitiyari zuwa hagu, kuma a nan ne ake yin ɓarna mai yawa. Idan aikin ya faɗa hannun wanda ya yanke ƙarfe ya yi masa walda maimakon ya sa kayan da suka dace, to mai mota ya sayi abin da zai iya ɓallewa ana cikin gudu. Duk wanda aka kawo wa Kanta daga Kwatano ko Lome ko Dubai, ya ɗaga kan motar ya sa bakanikensa ya duba akwatin sitiyari da bututun birki, ya ga ko haihuwar hagu ce ko juyayya.

Sai kuma maganar inji. Tsofaffin da suka cika tashoshinmu suna ɗauke da injunan da ake kira 4D30 zuwa 4D34. Shi 4D33 lita 4.2 ne ba shi da tobo, 4D34 kuma lita 3.9 ne, kuma an fi saninsa da tobo. Injuna ne masu haƙuri, famfon mansu na ƙarfe ne zalla, ba ruwansu da kwamfuta, kuma babu garin kirki a kan iyaka da za ka rasa wanda ya iya kwance su. Daga 2010 sai aka koma wa ƙaramin inji mai lita 3 da ake kira 4P10, wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansa, ga kuma matatar hayaƙi a salansa. Ba ya shan mai kamar tsoho, ba ya kuma hayaniya, sai dai an yi shi ne domin gazuwal mai tsabta ƙwarai. A Turai tun 2009 doka ta taƙaita farar wutar da ke cikin gazuwal zuwa kashi 10 cikin miliyan, alhali a 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna cewa man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma ya ninka wannan sau ɗaruruwa. A ganinmu, ɗan kasuwar da hanyarsa ta ƙauyuka ce, wanda in mota ta tsaya masa sai ya yi tafiyar yini kafin ya samu mai na'urar duba kwamfuta, tsohon inji mai lafiya ya fi masa sabo mai ƙyalli.

Yanzu bari mu zo ga babban abin da ke kashe waɗannan motoci, wato lodi. Galibin Kantar da muke gani an yi ta ne domin ɗaukar tan 2 zuwa 4, kuma nauyin da aka halatta mata yana rubuce a jikin wani ɗan allon ƙarfe a cikin motar da kuma a takardarta. Tan 3 shi ne buhu 30 na hatsi mai kilo 100, ko buhu 60 na siminti. To mai karatu, tsakaninka da Allah, yaushe rabon da ka ga Kanta ta bar kasuwa da buhu 30 kacal? Abin da aka saba shi ne a ninka, a ɗora awaki a sama, sannan fasinjoji su hau kan kayan.

Dabarar da ake yi ita ce a kai ta gareji a ƙara mata fallayen sifirin, a ɗaga bodi, sai a ce an mayar da ita mai tan 6. Ba a mayar ba. Abin da aka yi kawai shi ne an hana ta durƙusawa a idon mutane. Shi sifirin aikinsa ya shanye girgizar hanya. Idan aka taurara shi, duk ramin da aka faɗa sai dukan ya wuce kai-tsaye zuwa shasi, kuma a nan ne za ka ga tsaga ta bayyana kusa da inda aka ɗaure sifirin ko a bayan kan mota. Sai a kira mai walda ya ɗinke. Walda kuwa in ba a yi ta da ƙa'ida ba, an sa faci na ƙarfe a ciki, gefenta ne zai sake tsagewa, domin zafin wutar ya riga ya raunana ƙarfen. Ba a ƙara wa aksul ƙarfi ba, ba a ƙara wa kuloci faɗi ba, ba a kuma ƙara wa birki komi ba.

Maganar birkin ita ta fi damun mu. Birki na tsayar da mota ne ta hanyar mayar da ƙarfin tafiyarta ya zama zafi. Idan ka ninka nauyi, ka ninka zafin da zai sha. Idan kuma ka ninka gudu, zafin ya ninku sau huɗu. Da ya yi zafi fiye da kima sai ya daina kamawa, man birkin ma yana iya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Kanta tana da birkin salansa, wanda ke toshe hanyar hayaƙi domin inji ya riƙe motar a gangare, amma sau da yawa za ka tarar ya daɗe da mutuwa ba wanda ya kula, don kuwa mota na tafiya ko babu shi. Akwai kuma wani abu da ba kowane mai mota ya sani ba: a tsofaffin injunan, ɗan famfon da ke sa birki ya yi taushi yana manne ne a bayan na'urar cajin batir, kuma fambel ke juya su duka. Ke nan in fambel ya tsinke, ba caji kaɗai aka rasa ba, bayan taku kaɗan birkin ma zai taurare kamar dutse. Fambel ɗin ajiya a ƙarƙashin kujera bai kai kuɗin tuwon direba na mako ɗaya ba.

Kuloci shi ma yana biyan bashin lodi, musamman a hannun direban da ya saba tashi da giya ta biyu ko yake ɗora ƙafa a kansa yana tafiya. In ka ji inji na ihu amma mota ba ta ƙara sauri a hawa, ga wani ƙauri kamar na ƙonannen tsumma, to ya fara sallama.

Bayan lodi sai zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin yankinmu kan haura digiri 40, ga mota ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta tana ja cikin rairayi da giya ta ɗaya. Abin da ke tsakanin inji da halaka a wannan lokaci shi ne lagireto, amma shi ne aka fi wulaƙantawa. Ana ɗura masa ruwan rijiya ko na tabki, gishirin da ke cikin ruwan ya daskare ya toshe ƙananan hanyoyinsa, tsatsa ta ci famfon ruwa. Murfinsa in ya lalace sai a ɗaure da leda, alhali murfin nan shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. Sannan ga al'adar cire abin da ake kira tamostat da zarar mota ta sauka, wai na ƙasashen sanyi ne. Cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto, ɓoye ciwon kawai yake yi na ɗan lokaci, kuma injin da ke aiki a sanyaye da safiyar hunturu ya fi shan mai, ya fi saurin cinye ringinsa.

Idan allurar zafi ta hau ja direba ya ce bari dai a ƙarasa garin gaba, to a wannan ƴar tafiya ce gasket ke ƙonewa, wani lokaci kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage. Alamominsa sanannu ne: farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ruwan lagireto na ƙarewa ba tare da an ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Abin da ya kamata shi ne a tsaya nan take a bar shi ya huce. Kada a buɗe murfi yana tafasa, kada kuma a kwarara masa ruwan sanyi, domin ƙarfe mai zafi in ya ji sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi.

Ƙura kuwa sannu a hankali take kisa. A lokacin buji, matatar iska kan cika cikin ƴan kwanaki, sai yaron mota ya ciro ta ya riƙa buga ta a jikin taya. Bugun nan na yaga takardar da ke ciki, ƙurar ta samu ƙofa ta shiga silinda ta riƙa gurzar ringi tamkar ana goge shi da yashi. In za a kaɗe ta, a hura mata iska daga ciki zuwa waje, in ta gaji a sauya. Mai son sayen Kanta ta hannu na iya gwada wannan da kansa: a tayar da inji ya ɗumama, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, ringi ya tafi, kuma duk abin da dillali zai faɗa, akwai aikin kwance inji a gaba. Hayaƙin salansa ma yana magana. Shuɗi na nufin inji na cin baƙin mai, baƙi kuma ko iska ce ba ta isa ko nozul ya lalace.

Wannan ya kawo mu ga mai. Famfon injin gazuwal da man da ke ratsa shi yake samun santsi, shi ya sa gazuwal ɗin da aka sirka da kananzir, ko wanda ya kwana cikin jarkar da ke da ruwa da laka, yake cinye shi. Ba mu ce duk ɗan ruwa-ruwa maha'inci ba ne, kuma mun san akwai hanyoyin da in ba su ba sai dai mota ta kwana. Amma rangwamen sefa 50 a lita ba zai biya gyaran famfo da nozul huɗu ba. A ƙasan matatar mai akwai wani ɗan kofi da ke tara ruwa, yana da maɓalli. Zubar da shi ba ya ɗaukar minti biyu. Mai tobo kuma ya riƙa barin inji ya yi ɗan aiki a tsaye kafin ya kashe shi bayan doguwar tafiya, don tobon ya huce alhali mai na zagaya shi.

LISSAFIN DA BA A YI

Dukkan abin da muka zayyana a sama kuɗi ne, to amma ba a rana ɗaya suke fitowa ba, kuma a nan tarkon yake. Direba ya dawo da yamma ya miƙa balas, mai mota ya cire kuɗin mai da na direba da na yaro da na kamasho da abin da aka rabar a shingaye, sauran ya sa aljihu ya kira shi riba. Alhali a cikin wannan saura akwai haƙƙin taya, da haƙƙin batir, da na juye, da na inshora, da kuma haƙƙin motar kanta da ke tsufa kullum.

Bari mu yi misali, kowa kuma ya cire namu alƙaluman ya sa nasa. A ce tafiyarka kilomita 100 ce zuwa, 100 dawowa, kuma motarka na shan lita 15 a kowane kilomita 100. Lita 30 ke nan. A Nijar an ɗaga litar gazuwal daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agustan 2022, sannan aka rage ta zuwa 618 a watan Yulin 2024. A wannan farashi na ƙarshe, man tafiya ɗaya ya kama sefa 18,540, wato jika 18 da rabi da ɗan ɗoriya. Wannan kowa na ganinsa. Yanzu ga waɗanda ba a gani. In kana juye a kowane kilomita 5,000, kamar yadda ya dace da hanya mai ƙura, to duk tafiya 25 akwai kuɗin baƙin mai da matatu. In muka ɗauka tayoyinka shida za su yi kilomita 40,000, to sun ƙare a tafiya 200, sai ka raba kuɗinsu gida 200 ka ga abin da kowace tafiya ke ci. Galibin tsofaffin nan batir biyu suke amfani da shi, kuma in ɗaya ya mutu aka haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai ja sabon zuwa kabari.

Sai uwa-uba, tsufan mota. A ce ka saye ta sefa miliyan 8, kana fatan bayan shekara 5 ka sayar da ita miliyan 2. Miliyan 6 ta narke ke nan a wata 60, wato jika 100 kowane wata, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. In tana tafiya 20 a wata, kowace tafiya na ɗauke da jika 5. In kuwa ranakun kasuwa kaɗai take fita, a ce sau 8, to kowace fita na ɗauke da jika 12 da rabi tun ba a tayar da inji ba. In kuma tana dawowa babu kaya, to lodin zuwa ne zai biya hanyar biyu. Dalilin da ya sa ke nan muke ganin cewa ɗan kasuwar da hajarsa ba ta cika mota fiye da sau ɗaya a mako, kuma ba shi da niyyar yin haya da ita sauran kwanakin, gara ya ci gaba da biyan kuɗin lodi, ya bar miliyoyinsa suna juyawa a cikin hatsi.

Mu mazauna kan iyaka muna da wani ƙarin haɗari da ɗan birni bai sani ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020, inda Illela da Maigatari suka kasance cikin na farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Duk tsawon waɗannan watanni inshora na ƙarewa, taya na bushewa a rana, batir na mutuwa, wanda ya ci bashi ya sayi mota kuma mai bashi bai daina zuwa ba. Haka nan canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka, har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ke karɓar kuɗin lodi da naira yana sayen mai da taya da sefa ya ji a jikinsa. Wanda kuma ke da sefa ya ga kamar kayan gyara sun yi araha a Ƙofar Ruwa ta Kano, kafin ƴan kasuwar can su daidaita farashi, tun da su ma da dala suke shigo da kayan.

Da yake mun ambaci kayan gyara, kowa ya san hawa uku ne: na kamfani, da na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da kuma sabon da aka kwaikwaya. A abin da ya shafi fitila da madubi da ƙofa, a sayi mai araha ba komi. Amma matatar mai, da kayan birki, da gasket, araharsu tsada ce. Taya ta gwanjo kuwa a duba gefenta, akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016, kuma komi kyan zanenta robar ta tsufa, ba za ta jure kwalta mai zafi da lodi ba. Tayoyin baya da ke tafiya bibbiyu su zama tsawonsu ɗaya, iskarsu ɗaya, in ba haka ba guda ce ke ɗauke da kayan ita kaɗai har ta fashe, kuma ta ciki ce aka fi mantawa da ita.

Takardu ma suna da nasu kason: katin mota, inshora, duba lafiyar mota, binyet da kuɗin hanya. Ƙaramin lasisi ya tsaya ne a kan motar da nauyinta da kayanta bai wuce tan 3 da rabi ba, Kanta da yawa kuwa sun wuce nan, saboda haka a duba irin lasisin da direba ke riƙe da shi tun kafin a ba shi makulli. Katin inshorar tsallaka iyaka na ƙungiyar CEDEAO, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, shi masu motoci suka saba nunawa a ƙetare; tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, mai mota ya sa kamfanin inshorarsa ya rubuta masa ƙasashen da takardarsa ta ƙunsa kafin ya tsallaka. Kuma ya sani cewa inshorar dole ta biyan wanda ka yi wa ɓarna ce, ba ta biyan motarka ko hajarka.

Abu na ƙarshe shi ne yarjejeniya da direba. In ka yanka masa balas mai tsauri ka ce kullum sai ya kawo, to kai da kanka ka umarce shi da ya ninka lodi, ya yi gudu, ya ɗage juye zuwa wani mako, domin abin da ya rage bayan balas shi ne abincin iyalinsa, gyaran inji kuwa naka ne. Masu motocin da muka ga sun daɗe suna cin moriyarsu sukan yanka wa direba albashi da wani kaso a kan kowace tafiya, su riƙe sayen baƙin mai da matatu a hannunsu, su tsaya a yi juye a gabansu. Sukan kuma ajiye ɗan littafi a cikin mota da ake rubuta ranar tafiya, da kilomita, da litar da aka sha. In motar da ta saba shan lita 30 a wata hanya ta koma shan 38, to ko nozul ne, ko matatar iska, ko birki na kamawa, ko kuma man na bin wata jarka. Kowanne ne daga ciki, a littafin zai fara bayyana tun bakanike bai gani ba.